Steven Gerrard gwani ne a fili, to me ya faru da ya koma benci?

"Assalamu alaikum Koci, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Liverpool ne tun ina yaro kuma Gerrard ne ya sa na fara son kulob ɗin. Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ya riƙe tim shekara da shekaru kusan shi kaɗai, ya aka yi ya kasa a Aston Villa sannan ya je Saudiyya nan ma ba labari? Abokaina a gidan kallo kullum cewa suke bai iya koci ba, wai sa'a kawai ya taka a Rangers. Don Allah gaskiya ne ko akwai abin da mu ba ma gani?"

Wa'alaikumus salam ƙanina, amin, Allah ya saka da alheri. In na fahimce ka da kyau tambayar taka gida biyu ce. Na farko me ya sa iya ƙwallon mutum ba ya bin sa zuwa benci, na biyu kuma kofin lig da ya ɗauka a Rangers ta Sikotlan guminsa ne ko sa'a ce. Zan ba ka amsa a matsayina na wanda ya buga tsakiya a ƙananan kulob na nan gida, kuma yanzu ya daɗe yana horar da matasa. Bari in faɗa maka inda na tsaya tun yanzu: abokanka sun yi gaggawar yanke hukunci, kofin Rangers ba sa'a ba ce ko kaɗan, amma kuma korar da Villa ta yi masa ba zalunci ba ne, kuma a ganina abu biyun nan tushensu ɗaya, wato irin ɗan wasan da shi Gerrard ɗin yake tun asali.

Wane irin ɗan wasa ne tukuna

An haife shi ranar 30 ga Mayun 1980, ya tashi a Huyton da ke gefen birnin Liverpool, ya shiga makarantar horon kulob ɗin tun yana ɗan ƙaramin yaro, sai koci Gerard Houllier ya fara sa shi a babbar tim a Nuwamban 1998 a wasa da Blackburn, ya shigo daga benci ana dab da tashi. Daga ranar har 2015 bai sa rigar wani kulob ba. Wasa 710, ƙwallo 186, Ingila kuma ya buga mata wasa 114. A Oktoban 2003 aka karɓi kyaftin daga hannun Sami Hyypia aka ɗaura masa yana ɗan shekara 23. Na san duk waɗannan ka haddace su, abin da nake so ka duba shi ne yadda manyan wasanninsa suka kasance.

Ɗauki wasan Olympiakos na Disamban 2004 a gasar zakarun Turai. Liverpool na buƙatar cin wasan da tazarar ƙwallo biyu kafin ta wuce rukuni, Rivaldo ya riga ya zura musu ɗaya, aka yi ta fama har aka kai biyu da ɗaya, lokaci na ƙarewa, minti na 86 Gerrard ya ɗaɗa wata daga wajen da'ira ta faɗa raga. Ɗauki wasan ƙarshe na kofin FA a 2006 da West Ham a Cardiff, ana cin Liverpool uku da biyu, minti casa'in ya cika, ƙafarsa ta riƙe da ƙyar yake takawa, ƙwallo ta faɗo gabansa daga can nesa ya narka ta, aka yi uku da uku, suka ɗauke kofi a fenariti. Duk wasannin da aka fi tuna shi da su wasanni ne da tsarin koci ya riga ya watse, sai mutum ɗaya ya tashi da zuciya da ƙarfin ƙafa ya ceci kowa. Wannan baiwa ce babba, wallahi ni ban ga ɗan tsakiyar Ingila da ya kai shi a wannan fannin ba, amma baiwa ce da ba a iya koyar da ita.

Yanzu zo mu duba wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Istanbul, 25 ga Mayun 2005, don a nan ne darasin yake. Kowa na tuna AC Milan ta ci uku kafin hutun rabin lokaci, Gerrard ya ci da kai a minti na 54, Smicer ya ƙara, Gattuso ya ka da Gerrard a cikin da'ira aka ba da fenariti Xabi Alonso ya farke, duk cikin minti shida. Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne me ya faru a ɗakin canza kaya. A zagayen farko Gerrard da Alonso ne a tsakiya su biyu kuma Kaka, ɗan wasan Milan, yawo kawai yake a bayansu yadda ya ga dama, saboda Gerrard ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Da aka dawo sai kocin Liverpool Rafa Benitez ya cire Steve Finnan ya sa Didi Hamann, ya koma 'yan baya uku, ya ce Hamann ya tsare Kaka, shi kuma Gerrard aka sake shi ya matsa gaba. Ka ga ke nan jarumtar da muka gani ta Gerrard ce, amma wanda ya zauna ya gano inda ciwon yake ya buɗe masa hanya Benitez ne. Aiki biyu ne daban, kuma wanda Gerrard ya nema bayan ya rataye takalmi shi ne na biyun.

Shi ya sa ma in ka lura Benitez bai cika yarda ya bar masa gindin tsakiya ba. A kakar 2005/06 sau da yawa ta gefen dama ya sa shi, ya ci ƙwallo 23, 'yan wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara. A 2008/09 kuma bayan Fernando Torres ya ajiye shi, Alonso da Mascherano na riƙe da tsakiya, Liverpool ta haɗa maki 86 ta yi ta biyu a bayan Manchester United. Sai da ya manyanta, a 2013/14, Brendan Rodgers ya zaunar da shi a gaban 'yan baya yana rarraba ƙwallo, kakar nan da santsi ya kwashe shi a gaban Demba Ba na Chelsea ranar 27 ga Afrilu, Ba ya ci ƙwallo, abin da har yau in na tuna sai na ji babu daɗi, mutum ya ba kulob rayuwarsa kaf amma kofin Firimiya ya kuɓuce masa ta wannan hanyar. Wato mafi yawan shekarunsa wasu ne ke yi masa lissafin fili shi kuma yana yin abin da zuciyarsa ta ba shi.

Kwatanta shi da Guardiola ko Xabi Alonso ko Arteta a shekarunsa na ƙarshe a Arsenal. Su aikinsu a fili shi ne su tsaya a wuri su nuna wa wannan ya matso, wancan ya buɗe, su san inda mutum goma suke kafin ƙwallo ta iso ƙafarsu, to tun suna wasa rabin aikin koci suke yi. Amma kar ka ɗauki wannan a matsayin doka, Andrea Pirlo ma a wannan gurbin ya yi rayuwarsa kuma kaka ɗaya ya yi a Juventus aka sallame shi. Abu ne dai da yake taimakawa.

Abin da nake gani a filin tirenin

Wani lokaci tsofaffin 'yan wasa da suka yi suna a garinmu sukan zo su taya ni aiki da yara, kuma kusan kullum abu ɗaya nake gani. Yaro ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya juya kai tsaye cikin ƙafar abokin hamayya aka ƙwace. Sai tsohon gwani ya tsayar da wasa ya ce kawo ƙwallon, ya karɓa, ya juya, ya aika ta can ɗaya gefen ta sauka daidai a ƙirjin ɗan gefe, ya ce wa yaron ka gani, haka za ka yi. Yaron ya gyaɗa kai, aka ci gaba, ya sake yin irin kuskuren ɗazu. Shi gwanin bai san cewa kafin ƙwallon ta zo masa ya waiga kafaɗarsa sau biyu ba, bai san ya buɗe jikinsa ya karɓa da ƙafar nesa ba, jikinsa ne kawai ke yi tun yana yaro, to ta yaya zai koyar da abin da bai san yana yi ba? Daga nan sai ransa ya fara ɓaci ya ce yaran yanzu ba su da zuciya.

Ni abin da nake yi wa irin wannan yaron ba wani abin burgewa ba ne. In tsayar da wani a bayansa ya ɗaga yatsu, uku ko biyu ko biyar, sai a bugo masa ƙwallo, dole kafin ta taɓa ƙafarsa ya waiga ya faɗi yatsu nawa aka ɗaga da ƙarfi kowa ya ji, in bai faɗa ba a sake. Ran farko ƙwallon har ta wuce shi yana can yana kallon yatsu, abokansa na dariya. Haka za a yi ta yi mako da makonni har waigen ya zama jiki, sannan a cire mai yatsun a sa mai ƙwace ƙwallo. Aiki ne mai gundura, ba tafi ba kirari, kuma mafi yawan aikin koci irin wannan ne, daga Litinin zuwa Juma'a, ranar wasa sakamako kawai ake zuwa karɓa. Ban ce Gerrard bai san wannan ba, ya yi kwasa-kwasansa, kuma ya ƙi karɓar aikin MK Dons a 2016 ya koma makarantar Liverpool ya riƙe 'yan ƙasa da shekara 18 don ya koya. Amma kaka ɗaya tak ya yi da yaran nan kafin Rangers ta kira shi. Xabi Alonso sai da ya riƙe yaran Real Madrid sannan ya yi shekara uku da ƙaramar tim ɗin Real Sociedad kafin ya je Leverkusen, Arteta ya fi shekara uku yana zaune kusa da Guardiola.

Rangers ba sa'a ba ce

Ka tambayi abokanka ko sun san halin da Rangers take ciki ranar da aka sanar da shi a Mayun 2018. Kulob ne da bashi ya durƙusar a 2012 ya koma farawa daga rukuni na huɗu, bai dawo babbar gasar Sikotlan ba sai 2016. A 2017 wani ɗan ƙaramin kulob na Luxembourg, Progres Niederkorn, ya fitar da su daga share fagen Europa. A Afrilun 2018 kaɗai babbar abokiyar hamayyarsu Celtic ta yi musu huɗu da nema a kofi ta kuma yi musu biyar da nema a lig. 'Yan wasa tsoron rigar Celtic suke ji tun kafin a busa. Wannan wurin ne yaro ɗan shekara 37 da bai taɓa riƙe babbar tim ba ya shiga.

Kuma a nan ne halinsa na kyaftin ya yi aiki sosai, don abin da Rangers ta fi buƙata a lokacin shi ne mutumin da in ya shigo ɗaki kowa zai gyara zama, wanda zai ce wannan rigar ba a wasa da ita kuma a yarda da shi saboda an san abin da ya yi. Ya zo da mataimaka Gary McAllister da Michael Beale. A kakarsa ta farko ya tsallake zagaye huɗu na share fage ya shiga rukunin Europa, a ƙarshen Disamban 2018 ya ci Celtic ɗaya da nema, karo na farko da Rangers ta ci ta a lig tun 2012, kuma kocin Celtic a ranar shi ne Brendan Rodgers tsohon maigidansa. Kaka ta biyu ya ci Porto a Ibrox, filin Rangers, ya fitar da Braga, ya kai zagayen 'yan 16. Kaka ta uku, 2020/21, ita ce ta tarihi: wasa 38, ya ci 32, canjaras 6, ba a ci shi ko sau ɗaya ba, maki 102, ƙwallo 13 kacal aka zura masa a raga duk kakar, ya ba Celtic tazarar maki 25, ya hana ta ɗaukar kofi na goma a jere wanda shi ne burin magoya bayanta na shekara da shekaru. Sa'a takan ba ka wasa ɗaya ko biyu, ba ta tsare maka raga wata tara.

Mu nan muna da dalilin bin wannan tim ɗin da kyau saboda 'yan Najeriya uku ne a ciki. Joe Aribo ya ɗauko shi daga Charlton a 2019, Leon Balogun da Calvin Bassey suka zo a 2020, kuma Bassey lokacin da ya baro Leicester ko wasa ɗaya bai buga wa babbar tim ba. Glen Kamara kuwa fam dubu 50 aka saye shi daga Dundee. Bayan Gerrard ya tafi, wannan tim ɗin da ya gina ce magajinsa Giovanni van Bronckhorst ya kai wasan ƙarshe na Europa a 2022, Aribo ya ci ƙwallo, Bassey ya yi wasan da ya sa Ajax ta zo ta saye shi da kuɗi masu kauri. Wanda bai iya komai ba ba ya barin irin wannan gadon.

Sai dai in zan yi adalci akwai abin da abokanka za su iya riƙewa. A kaka uku cikakku kofi ɗaya ya ɗauka cikin tara na gida, St Mirren da St Johnstone suka fitar da shi a ƙananan kofuna a kakar da ba a ci shi a lig ba. A 2019/20 tim ɗin ta sukurkuce bayan hutun hunturu. Kakar da ya ɗauki kofin ba 'yan kallo saboda korona, Celtic kuma ta rikice har kocinta Neil Lennon ya ajiye aiki a Fabrairu. Sannan lig ne da kulob biyu suka fi kowa kuɗi nesa ba kusa ba. Duk gaskiya ne. Amma abin lura shi ne an ba shi shekara uku, an yi haƙuri da shi kaka biyu ba kofi, kuma yana da mutumin da ke riƙe masa filin tirenin.

Wannan mutumin shi ne Beale. Gerrard da bakinsa ya taɓa cewa zai ɗauke shi shekara 15 zuwa 20 kafin ya kai Beale iya gudanar da tirenin a fili, kuma ni wannan maganar ƙara masa daraja ta yi a idona, don ba kowane babban ɗan wasa ne zai faɗi haka ba. Beale ne ke tsara atisaye da yadda tim za ta tsaya, Gerrard na kallo daga gefe, yana shiga inda ya ga dama, yana riƙe da ɗakin canza kaya da 'yan jarida da shugabanni. Ba aibu ba ne, Alex Ferguson ma haka ya yi ta yi da su Brian Kidd da Steve McClaren da Carlos Queiroz, bambancin kawai in ɗaya ya tafi Ferguson kan samo wani da zai kawo sabon abu. Kuma ka duba, shi ma Beale da ya tsaya da ƙafarsa, Rangers ta sallame shi cikin ƙasa da shekara, Sunderland kuma wasa 12 ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowannensu yana da rabin da ɗayan ba shi da shi.

Inda Villa ta kwance masa

A Nuwamban 2021 ya bar Rangers ana tsakiyar kaka ya karɓi Aston Villa bayan an sallami Dean Smith. Kulob ɗin ya sayar da Jack Grealish fam miliyan 100, ya sha kashi biyar a jere. Farkon ya yi kyau, ya ci huɗu cikin shidan farko, ya gama kaka a na 14, har a ranar ƙarshe ya kusa ba Liverpool kofi, Villa na cin Manchester City biyu da nema a Etihad kafin City ta zura uku cikin minti biyar.

Matsalar ta farko tsari ce. Ya kwaso fomeshan ɗin Rangers ya kawo Firimiya yadda yake: 'yan tsakiya uku, sai lamba goma guda biyu a matse a bayan ɗan gaba, ba 'yan gefe na gaskiya, faɗin fili gaba ɗaya an bar wa lamba biyu da lamba uku su hau su sauka. A Sikotlan wannan ya yi aiki saboda Rangers ce ke riƙe da ƙwallo kusan kowane wasa, abokan hamayya na can sun taru a gidansu, James Tavernier da Borna Barisic sai su hau su zauna a gaba ba fargaba, har Tavernier da yake ɗan baya ya ci ƙwallo 19 a kakar kofin. A Firimiya kuwa in Matty Cash da Lucas Digne suka hau, da an ƙwace ƙwallo fasin ɗaya ake jefawa bayansu, kuma kusan kowane kulob yana da ɗan gefe mai gudun tsiya da ke jiran wannan. Sai ya zama John McGinn da Jacob Ramsey, waɗanda ƙarfinsu shi ne kutsawa gaba, sun koma masu toshe ramin gefe. In kuma 'yan bayan suka ji tsoro suka ƙi hawa sai tim ta cushe a tsakiya ba hanya. Koci-kocin Firimiya sun gano wannan cikin 'yan watanni, kuma ban ga ya fito da wata dabara ta biyu ba.

Ta biyu, Beale ya tafi QPR a bazarar 2022, aka kawo Neil Critchley, mutumin kirki kuma masani, amma sabon haɗi ne a lokacin da ba a da sararin jira. Ta uku Philippe Coutinho. Abokin wasansa ne a Liverpool, ya zo aro a Janairun 2022 ya fara da wuta, aka saye shi fam miliyan 17, daga nan wasansa ya yi ƙasa amma Gerrard ya daɗe yana sa shi alhali Emi Buendia na benci. Akwai kuma rashin sa'a na gaske, Diego Carlos da aka sayo don ya riƙe baya ya tsinke jijiyar dunduniya a wasansa na biyu.

Amma wanda ya fi tsaya min shi ne maganar kyaftin. Kafin a fara kakar 2022/23 ya karɓe kyaftin daga Tyrone Mings ya ba McGinn, ya kuma ajiye Mings a benci a wasan farko, ya yi magana a kansa a gaban 'yan jarida. Mu a nan mun ga irin wannan, ka tuna 2015 da Sunday Oliseh, shi ma babban ɗan tsakiya, ya karɓi Super Eagles ya ba Ahmed Musa kyaftin, rigima ta tashi tsakaninsa da Vincent Enyeama har Enyeama ya bar tim ɗin ƙasa, shi kuma Oliseh bai cika shekara a aikin ba. Koci na da ikon canza kyaftin, ba wanda ya hana, amma in za ka taɓa babba a ɗakin canza kaya to ka tabbata sakamako na hannunka, in ba haka ba duk wasan da aka faɗi sai a tuno. Manyan 'yan wasa da suka zama koci suna yawan faɗawa nan, suna auna kowa da ma'aunin kansu, shi Gerrard in aka taɓa shi a bainar jama'a tashi yake ya ci ƙwallo biyu, to ba kowa aka halitta haka ba, wani in ka yi masa haka ka kashe masa gwiwa ke nan shi da abokansa biyar a tim.

Ranar 20 ga Oktoban 2022 Fulham ta ci su uku da nema, a daren aka sallame shi, wasa biyu kawai ya ci cikin 11 na lig a kakar. Abin da ya fi yi masa illa shi ne abin da ya biyo baya. Bayan kwana uku 'yan wasan nan dai suka yi wa Brentford huɗu da nema. Unai Emery ya zo ya ɗauki kusan tim ɗin nan daga bakin faɗawa ya gama a na bakwai, kaka ta gaba ya yi na huɗu ya shiga gasar zakarun Turai, Mings da McGinn da Ollie Watkins da Douglas Luiz duk suka dawo kamar an canza su. A nan ba ni da abin kare shi. Sai dai ka tuna Emery ya fara koci tun wajen 2004 daga ƙaramin kulob a Sifaniya, ya ɗauki Europa sau huɗu kafin ya zo Villa, shekara kusan ashirin yana wannan aikin na Litinin zuwa Juma'a.

Saudiyya ba zan daɗe a kanta ba. Ya karɓi Al-Ettifaq ta Dammam a Yulin 2023, kuma ba ta cikin kulob huɗun da asusun gwamnati ya zuba wa kuɗi, wato Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli, don haka na shidan da ya yi a kakar farko ba abin kunya ba ne. Jordan Henderson da ya ɗauko ya gina tim a kansa wata shida ya yi ya tafi Ajax. Kaka ta biyu abin ya ƙi, suka rabu a Janairun 2025. Ni damuwata da tafiyar ba sakamakon ba ne, shekarun ne, lokacin da ya kamata a ce yana wurin da za a matsa masa ya koyi abin da ya rage masa.

Ka riƙe cewa ni daga nesa nake kallo, a filin ƙasa nake aiki da yara, abin da na faɗa a kan tsari kowa zai iya gani a talabijin amma maganar zukatan 'yan wasa fahimtata ce daga abin da na saba gani a nawa ɗakin. Da wannan sharaɗin, hukuncina shi ne Gerrard shugaba ne na gaske wanda bai gama zama malamin fili ba, kuma an ɗora shi a Firimiya yana da shekara 41 da gogewar lig ɗaya tak. Sunansa ne ya buɗe masa ƙofar da wuri, sunan ne kuma ya sa ba a yi masa uzuri ba, kowa na kallon Villa a matsayin matakalar zuwa kujerar Klopp, kocin Liverpool a lokacin.

In da zai ji shawarata, kulob na rukuni na biyu a Ingila ya kamata ya nema, inda ake buga wasa 46 a kaka, Asabar da Talata, ba kuɗin sayen Coutinho, dole ka gyara yaran da ka tarar. Michael Carrick ya karɓi Middlesbrough a Oktoban 2022 tana can ƙasan tebur ya gama a na huɗu. Frank Lampard, wanda shi ma aka gama yi masa dariya bayan Everton da komawarsa Chelsea, ya karɓi Coventry a Nuwamban 2024 tana ta 17 ya kai ta ta biyar. Irin wannan aikin ne zai nuna ko Gerrard zai iya tsara tim da kansa ya kuma canza tsarin in an gano shi, kuma ya nemi mataimaki mai ƙarfi wanda zai iya ce masa a'a, su yi shekara biyu ko uku tare kafin ya sake kallon Firimiya.